Hukuncin Kuɗin da Ake Samu daga Ƙananan Wasannin Intanet a Fiƙihun Malikiyya: Nazari daga Batsari da Safana

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hanyoyin da masu ƙirƙirar ƙananan wasannin intanet suke samun kuɗi da su, wato sayar da kayan cikin wasa, da akwatin sa'a, da talla, da kuɗin wata, da gudummawa, da kuma wasannin da ake yi wa ɗan wasa alƙawarin lada. An auna kowace hanya da ƙa'idojin ciniki da haya da ji'ala a mazhabar Imamu Malik, an kuma ɗauki ƙananan hukumomin Batsari da Safana na Jihar Katsina a matsayin fagen misali, saboda wani abu da ya faru a cikinsu a shekarar 2021 wanda ya fito da haƙiƙanin wannan haja fili.

Gabatarwa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya hana wanda bai san fiƙihun ciniki ba yin saye da sayarwa a kasuwar Musulmi, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ja kunne a kan wannan al'amari a babin ciniki na littafinsa Ihya'us Sunna. Kasuwar da suke magana a kanta tana da rumfuna da mudu da sikeli. Yau an sami wata kasuwa a cikin wayar da ke aljihun matasa, ana biyan naira ta gaske a karɓi riga ko hula ko lu'ulu'u da ba su da samuwa sai a fuskar waya.

Mutum uku ne wannan mas'ala ta shafa a yanki irin na Batsari da Safana. Akwai ɗalibin da ya koyi rubuta manhaja, a Jami'ar Al-Qalam da ke Katsina ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, yana tunanin ya ƙera ɗan ƙaramin wasa ya ci abinci da shi. Akwai mai shagon cajin waya ko mai POS da yara suke kawo wa kuɗi ya saya musu lu'ulu'un Free Fire. Sai kuma uba, wanda ya ga an cire kuɗi daga asusunsa bai san abin da aka saya ba. A yankin da rashin tsaro na dajin Rugu ya raba manoma da yawa da gonakinsu, duk wata ƙofar samu da ta buɗe ta cancanci malamai su dube ta da idon basira, ba tare da gaggawar rufe ta ko sakaci da ita ba.

Yadda kuɗin yake shigowa

A da ana sayen wasa ne dungurungum, kamar yadda ake sayen littafi. Yanzu mafi yawan wasannin waya kyauta ake sauke su, domin ƙaramin maƙirƙiri ya san cewa in ya sa farashi tun a bakin ƙofa, kaɗan ne za su shigo. Saboda haka sai ya buɗe ƙofar ga kowa, ya nemi kuɗinsa a ciki. Yin rajista a kasuwar manhajoji ta Google yana cin dala 25 sau ɗaya, ta Apple kuwa dala 99 a kowace shekara. Kamfanonin biyu suna cire kashi 30 cikin 100 na abin da aka sayar, amma tun daga shekarar 2021 suka rage wa ƙananan masu sana'a, waɗanda cinikinsu bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba, zuwa kashi 15. Ke nan wanda ya sayar da hular wasa ta naira 1,000 zai karɓi naira 850, kafin haraji da kuɗin banki.

Ƙanƙantar kamfani ba ta hana babban samu. Mutum ɗaya ne ɗan ƙasar Biyetnam, Dong Nguyen, ya ƙera Flappy Bird a 2013, aka ruwaito cewa talla kaɗai tana kawo masa kimanin dala 50,000 a rana, sannan ya janye wasan da kansa a watan Fabrairun 2014 yana mai cewa ya zama jaraba ga mutane. Mutum uku ne suke kula da Among Us lokacin da ya cika duniya a 2020, kuma daga cikin abin da suke sayarwa akwai huluna da tufafin ado. A Nijeriya ma akwai kamfanin Maliyo Games na Legas da aka kafa a 2012, mai ƙera wasannin waya da labarai na gida. Waɗannan su ne suka yi fice. Dubban wasanni suna fitowa su mutu ba tare da sun mayar da kuɗin rajista ba.

Kafin a kai ga kuɗin, wajibi ne a dubi wasan kansa, domin abin da amfaninsa ya haramta, kuɗinsa ma bai halatta ba. Malikiyya suna da tsanani a wannan babi. Ibnu Abi Zaid ya hana wasan nardu da na shaɗaranji a ƙarshen Risala, alhali Shafi'iyya sun tsaya a kan karhanci game da shaɗaranji in babu caca a ciki. Wasan da ya dogara da jefa ɗan lido ya fi kusa da nardu, dara kuwa ta fi kusa da shaɗaranji, don haka wanda ke son ya mayar da darar gargajiya cikin waya ya san cewa ya shiga wurin saɓani. Wasan koyar da lissafi, ko haruffan ajami, ko tseren babura, ba shi da wannan matsala matuƙar bai ƙunshi tsiraici ko izgili da addini ba. A wajen Nijeriya an sami inda aka yanke hukunci a kan wasa guda da sunansa: majalisar malaman lardin Ace a Indunusiya ta haramta PUBG a watan Yunin 2019. Abin da zai biyo baya duk an gina shi ne a kan cewa wasan a karan kansa halal ne.

Shin hular da ba a taɓawa dukiya ce?

Sharuɗɗan abin sayarwa a wurin Malikiyya sanannu ne ga duk wanda ya karanta Mukhtasar na Shehu Halil: ya kasance mai tsarki, mai amfani a shari'a, wanda ba a hana sayar da shi ba, wanda ake iya miƙa shi, kuma sananne. Babu sharaɗin cewa sai hannu ya iya kama shi. Jumhurun malamai suna ɗaukar amfani a matsayin dukiya, saɓanin magabatan Hanafiyya, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne masu ƙima da shari'a take karewa. Zanen da maƙirƙiri ya ɓata dare yana yi aikinsa ne, yana da damar ya karɓi lada a kansa.

Sai dai kalmar "saye" da ake rubutawa a kan maɓallin tana ɓoye wani abu. Wanda ya sayi buhun rogo a kasuwar Batsari ya mallake shi: ya ci, ya sayar, ya bayar, ko ya bar wa magada. Wanda ya biya kuɗin rigar wasa bai mallaki komai irin wannan ba. Yarjejeniyar da ya danna amincewa da ita, wadda da wuya a sami mai karanta ta, galibi tana cewa izinin amfani kawai aka ba shi, kamfani yana iya rufe asusunsa, kuma ranar da aka kashe wasan rigar ta tafi. Ibnu Arafa, a ta'arifinsa na ciniki, ya fitar da ƙulla yarjejeniya a kan amfani daga cikin ciniki, ya bar ta ga babin haya. A bisa wannan, abin da ke faruwa a cikin wasa ya fi kama da haya. Haya kuwa tana buƙatar sanin iyakar amfanin, ko ta hanyar lokaci ko ta hanyar aiki.

Nan ne mas'alar take rabuwa biyu. Tikitin wata, wanda ake biya domin kwana 30 na wasu fa'idoji da aka lissafa, haya ce mai tsabta: kuɗi sananne, lokaci sananne, amfani sananne. Rigar da aka ce ta zama ta mutum "har abada" ita ce mai ɗan duhu, domin "abada" a nan tana nufin tsawon ran wasan, wanda mai saye bai sani ba. Ƙarafi a cikin Furuƙ ya kasa garar, wato rashin tabbas a ciniki, gida uku: mai yawa da aka haɗu a kan hana shi, da ɗan kaɗan da aka haɗu a kan yafe shi, kamar harsashin gida da mai saye ba ya gani, da matsakaici da ake saɓani a kansa. A ganin mai wannan rubutu, rigar naira ɗari biyar a wasan da ya kafu tana cikin abin da ake yafewa, domin al'ada ta san ma'anarta kuma ba ta haifar da husuma. In kuɗin ya yi yawa, ko kuwa maƙirƙirin ya san a ransa cewa ba zai iya ci gaba da biyan kuɗin na'urar da ke ɗauke da wasan ba nan da wata biyu, to ci gaba da sayarwa ya zama ɓoye aibi. Mafita mai sauƙi ita ce ya rubuta, da Hausar da mai saye zai fahimta, mafi ƙarancin lokacin da ya ɗauki alhakin wasan zai ci gaba, da abin da zai mayar in ya kasa.

Mutanen Batsari da Safana sun ga wannan rauni da idonsu. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, waɗannan biyu suna ciki, kuma aka shafe watanni a haka. Duk wanda ya biya tikitin wata kafin ranar, kwanakinsa sun ci gaba da ƙirguwa alhali ba shi da hanyar shiga. Shin yana da haƙƙin a mayar masa? Shehu Halil ya ambaci umarnin sarki na rufe shaguna a cikin abubuwan da ke warware haya, domin amfanin ya gagara ta dalilin da ya game kowa. Kamanceceniyar tana da ƙarfi, amma ba ta cika ba. A mas'alar Halil shagon ne aka rufe. A tamu kuwa wasan yana buɗe ga duk duniya, hanyar mai haya ce aka toshe, kuma uzurin da ya taso ta ɓangaren mai haya ba ya warware yarjejeniya a asalin mazhaba. Saboda haka yana da wuya a wajabta wa kamfanin da ke Singafo mayar da kuɗin. Amma maƙirƙirin da ke zaune a Katsina, wanda ya san cewa abokan cinikinsa suna zaune inda sabis ke ɗaukewa kuma lantarki ba shi da tabbas, ya fi dacewa ya ƙirga hayarsa da kwanakin da aka shiga wasan a maimakon kwanakin kalanda. Wannan halal ne tun da adadin sananne ne, kuma yana toshe ƙofar jayayya tun daga tushe.

Akwai kuma sulallan wasa, irin lu'ulu'u ko zinariya da ake saya da naira sannan a kashe su a ciki. Waɗannan ba kuɗi ba ne a shari'a, domin ba a karɓarsu a wajen wasan, don haka hukuncin canjin kuɗi bai hau kansu ba. Sun fi kama da katin waya da ake lodawa a yi amfani da shi daga baya. Abin ƙi a cikinsu shi ne dabarar da ake yi ta sayar da su a dunƙule ta yadda kullum sai an bar ɗan canjin da bai isa sayen komai ba, domin a ja mutum ya ƙara saye.

Akwatin sa'a

Wannan ita ce hanyar da hukuncinta ya fi bayyana. Ɗan wasa yana biyan kuɗi sananne a buɗe masa akwati, abin da zai fito kuwa na'ura ce take zaɓa: galibi tarkace, jefi-jefi abu mai daraja. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin tsakuwa da cinikin garar. Ɗaya daga cikin fassarorin cinikin tsakuwa shi ne a biya kuɗi a jefa tsakuwa, duk tufar da ta faɗa a kanta ita ce aka saya. Da wuya a sami siffar da ta fi wannan dacewa da akwatin sa'a.

Masu kare shi suna kawo hujja biyu. Ta farko, cewa ba wanda yake fita hannu rabbana, ko yaya sai ya sami wani abu. Amsa ita ce mai jefa tsakuwa ma yana fita da tufa, kuma duk da haka aka hana, domin abin da ya biya kuɗi dominsa ba shi ne ya tabbata zai samu ba. Ta biyu, cewa ana bayyana yiwuwar samun kowane abu, kamar yadda ƙasar Sin ta wajabta a 2017, Apple ma ya wajabta a ƙarshen wannan shekara. Bayyana lissafin yana rage yaudara, amma sanin yiwuwa daban yake da sanin haja. A ɗauka akwati naira 500 ne, kuma damar samun abin da ake nema ɗaya ce cikin 100. Matsakaicin abin da za a kashe kafin a same shi naira 50,000 ne, kuma cikin waɗanda suka buɗe akwati 100 cur, kusan kashi 37 cikin 100 ba za su same shi ba. In har abin da ya fito ana iya sayar da shi da kuɗi a wajen wasan, to an bar babin garar an shiga cacar da aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka haramta. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta kai ga irin wannan matsayi a watan Afrilun 2018, ta sanya akwatunan da ake biya a ƙarƙashin dokar caca.

Akwatin da ake bayarwa kyauta, ba tare da biyan komai ba, hukuncinsa daban ne, domin Imamu Malik yana yafe rashin sani a cikin kyauta zalla. Wanda aka ba, in bai sami abin kirki ba, bai yi asarar komai ba.

Talla da gudummawa

Sayar da fili ga mai talla haya ce halal, kuma tallar da ɗan wasa yake kalla da zaɓinsa domin a ƙara masa rai ko sulalla, irin wadda Crossy Road ya shahara da ita tun 2014, ba ta da laifi a siffarta. Matsalar tana cikin abin da ake tallatawa. Maƙirƙiri ba ya zaɓar tallar da hannunsa, na'urar kamfanin talla ce take turowa, kuma a Nijeriya kamfanonin cacar ƙwallo da manhajojin bashi da ruwa suna cikin masu tallata kansu a waya. Tsarin tallar Google yana ba mai manhaja damar toshe wasu rukunai, kamar caca da neman abokan soyayya, kuma yin hakan wajibi ne ko da samu zai ragu. Abin da ya kuɓuce bayan an yi iya ƙoƙari, a kimanta kuɗinsa a fitar da shi.

Gudummawa ita ce mafi tsabta, ko da yake ita ce mafi ƙarancin tabbas. Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka sun rayu shekaru masu yawa da gudummawar masu son wasansu Dwarf Fortress, kafin su fara sayar da shi a Steam a watan Disambar 2022, kuma kasuwar itch.io tana barin mai saye ya biya abin da ya ga dama. Sayar da wasan gaba ɗaya, ko ba da matakan farko kyauta a sayar da sauran da farashi sananne, shi ma ba shi da wata ƙura.

Danna ka samu

A shekarar 2024 guguwar abin da matasa suke kira mainin ta mamaye Arewa. Bayan Notcoin ya biya waɗanda suka yi shi a watan Mayu, sai jama'a suka afka wa Hamster Kombat a manhajar Telegram, wanda masu shi suka yi iƙirarin cewa ya tara 'yan wasa miliyan 300. An shafe watanni ana danna fuskar waya, ana gayyato abokai, ana kallon bidiyoyin kamfanin. Da aka raba sulallan a ranar 26 ga Satumba, ƙorafin da ya cika shafukan sada zumunta shi ne cewa abin da aka samu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da data da lokacin da aka ƙona.

A nan ɗan wasa ne ya zama hajar, domin kallonsa da gayyatarsa su ne suke kawo wa kamfani kuɗin talla. Siffar da ta fi kusa da wannan a fiƙihu ita ce ji'ala, wato a ce duk wanda ya yi aiki kaza yana da lada kaza. Malikiyya sun yafe rashin sanin yawan aikin a ji'ala, amma sun shardanta sanin ladan. A wannan wasa ba a san yawan sulallan da za a bayar ba, ba a san darajarsu ba, ba a san ranar ba, kuma mai alƙawarin ne kaɗai yake yanke duka ukun bayan an gama aiki. Ba za a fake da cewa kyauta ce ba, tun da an shardanta aikin da ke amfanar mai bayarwa. Ji'ala ce ɓatacciya. Lamarin ya fi muni a wasannin da sai an sayi wani abu kafin a fara samu, irin Axie Infinity da ya ja ɗimbin mutanen Filifin a 2021, inda ribar na farko ta dogara da kuɗin masu shigowa daga baya, kuma ta rushe da shigowar ta ragu. Haka ma gasar da 'yan wasa suke tara kuɗin shiga wanda ya ci ya kwashe, caca ce ko da gwaninta ce take yanke nasara.

Yaro da dillali

Da yawa daga cikin masu sayen kayan wasa ba su balaga ba. A mazhaba, cinikin yaro mai wayo yana ƙulluwa amma ba ya lizimta sai waliyyinsa ya zartar, kuma aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana miƙa dukiya ga wanda bai san tattalinta ba. Ke nan uban da ɗansa ya kashe kuɗi ba da izininsa ba yana da haƙƙin warwarewa, kuma maƙirƙirin Musulmi ya kamata ya tanadi hanyar mayarwa. A watan Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, daga ciki dala miliyan 245 domin mayar wa waɗanda aka ruɗa da tsarin maɓallai suka sayi abin da ba su yi niyya ba.

Mai shagon da yake saya wa mutane lu'ulu'u ya ɗora ribarsa wakili ne da lada, ko kuwa ɗan kasuwa mai sari ya sayar, kuma sana'ar ta sami gindin zama ne a shekarun da bankuna da yawa suka taƙaita amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙetare. Aikinsa halal ne in farashin sananne ne kuma hanyar da ya samo hajar ingantacciya ce. In ya san cewa mai sayen akwatin sa'a zai buɗe da su, hukuncinsa ya bi na mai sayar da inabi ga mai matsa giya, wanda Malikiyya suka hana saboda toshe kafa. In kuma yaro ɗan shekara goma ya kawo masa naira dubu biyar, al'adar Batsari da Safana ba ta san ana ba yaro irin wannan kuɗi domin wasa ba, saboda haka sai ya tambayi gida kafin ya karɓa. Sayar da asusun wasa kacokan ga wani, wanda shi ma ya yaɗu a tsakanin matasa, yana da matsala ta dabam: manyan kamfanoni da yawa sun hana shi a yarjejeniyarsu, suna iya rufe asusun ranar da suka gano, kuma mai sayarwa yana iya dawo da shi ta imel ɗinsa na asali. Wannan ya taɓa sharaɗin iya miƙa haja kai tsaye, don haka hanin ya fi rinjaye, sai fa a wasan da mai shi ya yarda da canjin hannu ya kuma tanadi hanyarsa. Allah ne mafi sani.